Me "an sahale" ke nufi idan kamfani ya tura ma'aikaci tafiya?

A ranar 8 ga Maris 2017 aka rufe filin jirgin saman Abuja na tsawon mako shida domin gyaran titin da jirage ke sauka, aka ce kowa ya nufi Kaduna. Yawancin kamfanonin jiragen ƙasashen waje suka ce su kam ba za su je Kaduna ba. Wanda kuwa ya samu jirgin da ya kai shi can, sai ya ƙarasa kusan kilomita 200 a mota ko a jirgin ƙasa, ga kuma masu garkuwa da mutane da tun a lokacin suka fara addabar wannan yankin. To a ce wani kamfani a Landan ko Dubai ya riga ya ba injiniyansa izinin zuwa Abuja na kwana uku. A allon kwamfutar ofis rubutun yana nan yadda yake: Abuja, kwana uku, an sahale, ga ɗan koren tambari a gefe. Alhali tafiyar da manaja ya sa wa hannu daban, wadda injiniya zai yi daban.

Wannan giɓin da ke tsakanin abin da aka amince da shi da abin da matafiyi zai tarar a ƙasa, shi ne duk wahalar manhajojin da manyan kamfanoni da ƙungiyoyin agaji ke amfani da su wajen lura da haɗarin tafiye-tafiyen ma'aikata. Masu sayar da irin wannan aiki sanannu ne a fagen, kamar International SOS da Crisis24 da Everbridge, sai kuma SAP Concur da ya fi ƙarfi a ɓangaren neman izini da lissafin kuɗin tafiya. Majalisar Ɗinkin Duniya tana da nata tsarin mai suna TRIP a ƙarƙashin sashenta na tsaro, kuma ma'aikacinta ba ya fita tafiyar aiki sai ya nemi izinin tsaro ta nan. Duk wanda ya yi aiki da hukumomin Majalisar a Maiduguri ya san shi.

Da farko dai, ta ina manhajar ke sanin cewa wani zai yi tafiya? Idan ma'aikaci ya kama kujerar jirgi ta hannun kamfanin shirya tafiye-tafiye da ofis ya ƙulla yarjejeniya da shi, bayanin yana shiga ɗaya daga cikin manyan rumbunan sayar da tikiti na duniya, wato Amadeus ko Sabre ko Travelport, ya fito da lambar nan mai haruffa shida da ake gani a jikin tikiti. Daga can ake tura kwafi zuwa manhajar haɗari. Ita kuma sai ta duba ina za a je, yaushe, a wane jirgi, a wane otal za a kwana, ta auna da ƙa'idojin kamfani, ta liƙa wa tafiyar matsayi.

Matsayin nan sunayensa sun bambanta daga manhaja zuwa manhaja, amma ma'anar kusan ɗaya ce. Akwai tafiyar da take daftari, mai ita bai miƙa ba tukuna. Akwai wadda ke jiran sahalewa. Akwai wadda aka sahale, da wadda aka ƙi, da wadda aka mayar wa mai ita ya gyara, da wadda aka soke. Biyu ne suka fi rikita mutane, kuma su ne suka fi muhimmanci: wadda aka sahale da sharaɗi, da wadda wa'adin jiranta ya wuce ba wanda ya ce uffan.

Bari mu tsaya a kan ta ƙarshen, don a nan ake gane irin tsarin da kamfani yake da shi. Kamfanin jirgi ba ya riƙe wa mutum kujera har abada. Yana ba da wa'adi, wani lokaci kwana ɗaya, wani lokaci sa'o'i kaɗan, in ba a yanki tikiti ba kujera ta kuɓuce, farashin ma ya tafi da ita. Ɗauki ranar Alhamis da la'asar. Wata ma'aikaciya za ta tashi Lahadi, buƙatarta tana gaban oga tun safe, ogan kuwa yana cikin jirgi, wayarsa a kashe. Ejan ɗin tikiti ya kira ta.

"Hajiya, har yanzu Yallaɓai bai danna ba, kuma sha biyun dare kujerar za ta tafi."

"To ka yanka mana kawai, gobe da safe zan sa ya danna."

"Wallahi Hajiya na'urar ba za ta bar ni ba, sai ta ga sahalewarsa."

Abin da zai faru da ƙarfe sha biyun dare ya dogara ne da zaɓin da wani ya yi tun ranar da aka kafa manhajar, wataƙila ma ya manta ya yi. In an saita ta a kan tsauri, shirun oga yana nufin an ƙi, tafiya ta rushe. In an saita ta a kan sassauci, shirunsa yana nufin ya yarda, a yanki tikiti. Akwai kuma saitin da sanarwa kawai ake aika masa ta imel, ba a jiran komai daga gare shi. Kowanne yana da muhallinsa. Tafiyar Legas zuwa Accra don taron kwana biyu ba ta cancanci a tsare ta a ƙofar mutum uku ba, sanarwa ta wadatar. Amma a ce tafiya zuwa yankin da ake yaƙi ta samu koren tambari don kawai oga yana barci, wannan kitso ne da kwarkwata. A allo za a ga "an sahale", a zahiri kuwa ba ɗan'adam ɗin da ya karanta takardar. Shi ya sa tsari mai kyau yake raba sunayen: wadda mutum ya duba ya amince, da wadda ƙa'ida ta wuce da ita kai tsaye, da wadda shiru ya wuce da ita. Sannan ya tanadi wakili ga kowane mai sa hannu, ya kuma sa agogo, ta yadda in sa'o'i kaza suka wuce buƙatar za ta haura zuwa na gaba da shi.

Akwai wani ruɗanin da ya fi wannan yawa. Izini iri biyu ne ake cusawa a maɓalli ɗaya. Manajan sashe yana duba ko akwai kuɗi a kasafi, ko tafiyar za ta amfani aiki. Jami'in tsaro ko likitan kamfani yana duba ko mutumin zai je ya dawo lafiya. Manajan da ya danna "na amince" sau da yawa kuɗi yake nufi, bai taɓa buɗe rahoton tsaron garin ba, kuma ba laifinsa ba ne tunda ba fanninsa ba ne. Idan manhaja ta ɗauki wannan dannawa a matsayin an gama komai, kowa zai zaci wani ya duba ɓangaren haɗari. Gyaran ba shi da wuya a faɗa: a sa matakai biyu, kowanne da nasa matsayin, kada tafiya ta zama cikakkiya sai dukansu sun rufe.

Ƙa'idojin da ke bayan tambarin

Ƙa'ida a cikin manhaja jimla ce mai sauƙi: idan kaza ya kasance, a yi kaza. Idan ƙasar da za a je tana matakin haɗari mai tsanani, a tura wa shugaban tsaro. Idan za a kwana fiye da wata guda, a tura wa ofishin ma'aikata saboda biza da haraji. Wahalar tana wurin "idan" ɗin, wato wa ya yanke cewa wuri kaza yana da haɗari, kuma da wane ma'auni.

Wasu kamfanoni suna jingina da gwamnatoci. Tun watan Janairun 2018 ma'aikatar harkokin wajen Amurka ke raba ƙasashe mataki huɗu, daga na 1 mai cewa a yi taka-tsantsan irin na yau da kullum har na 4 mai cewa kada a je. Ma'aikatar harkokin wajen Birtaniya kuma takan ce ko dai kada a je sam, ko kada a je sai da larura, kuma wanda ya saɓa wa wannan shawara inshorar tafiyarsa na iya ƙin biyansa. Wannan maganar inshora ita ce ke sa masu kula da kuɗi su ma su kasa kunne. Wasu kuma suna sayen ma'aunin kamfanonin tsaro masu zaman kansu, waɗanda kan ba da maki biyu, ɗaya na tsaro ɗaya na kiwon lafiya, domin gari na iya zama lafiya lau ta fuskar 'yan bindiga amma babu asibitin da zai iya da mai bugun zuciya.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne ɗaura ƙa'ida a kan sunan ƙasa kaɗai. Najeriya misali ce mai kyau: shekaru da dama Amurka tana ajiye ta a mataki na 3, amma ta ware jihohi irin su Borno da Yobe a mataki na 4. Manhajar da ke karanta ƙasa kawai za ta yi wa mai zuwa taro a Ikoyi ta Legas da mai zuwa Monguno ta jihar Borno hukunci ɗaya. Ko dai ta takura wa na farko ba dalili, ko ta saki na biyu ba bincike. Dole ƙa'ida ta sauko zuwa jiha da gari, har ma da hanya, domin sau da yawa garuruwan biyu ƙalau suke, abin tsoron yana tsakaninsu. A nan zan ɗan yi tsokaci. Taswirorin da ake zanawa daga nesa sukan shafa wa yanki guda launi ɗaya, wanda ya san wurin ya duba ya yi dariya. Kamfanin da ya daɗe a wuri yana da damar ya sauya makin da ya saya da nasa, manhajoji da yawa sun ba da wannan ƙofa. Sai dai a rubuta wa ya sauya, da dalilinsa, da ranar da za a sake dubawa, don sabo ma yana rufe ido. Wanda ya bi hanya sau ɗari lafiya shi ne ya fi saurin cewa ba komai.

Ba wuri kaɗai ƙa'ida ke dubawa ba. A watan Yunin 2010 wani ƙaramin jirgi da ya tashi daga Yaounde ya faɗi a dajin Kongo ɗauke da dukkan 'yan majalisar daraktocin kamfanin haƙar ma'adinai na Sundance Resources na Ostireliya, ba wanda ya tsira. Irin wannan ne ya sa ake saka ƙa'idar da ke ƙirga manyan ma'aikata nawa ne a jirgi ɗaya, ta ɗaga tuta in sun wuce adadi. Akwai kuma mai hana hawa kamfanonin jiragen da Tarayyar Turai ta haramta wa shiga sararin samaniyarta.

Sahalewa da sharaɗi kuwa, a ganina ita ce ta fi kowane matsayi amfani, ita ce kuma aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Ana cewa ka je, amma sai ka yi horon tsaro, ka nuna katin rigakafin zazzaɓin shawara, ka kwana a otal ɗin da aka tantance, direban ofis ne zai ɗauke ka, kuma ba tafiyar dare. Duk wannan daidai ne. Tambayar ita ce wa zai tabbatar an cika. In sharuɗɗan rubutu ne kawai a ƙasan imel, to an sahale ke nan, sauran ado ne. A tsarin da ya amsa sunansa, tambarin yana zama ruwan ɗorawa har sai an ɗora takardar horon da hoton katin rigakafin da lambar direba, sannan ya koma kore. Kuma a ba wa sharuɗɗan wa'adi kafin ranar tashi, tunda ba a fafe gora ranar tafiya.

Izini yana tsufa

Mu koma ga injiniyan Abuja. Sahalewa hukunci ne da aka yanke a rana kaza, a kan tafiya kaza, bisa abin da aka sani a ranar. In ɗaya daga cikin ukun ya motsa, hukuncin ya raunana. A safiyar 15 ga Afrilun 2023 faɗa ya ɓarke a Khartoum, filin jirgin ma ya zama fagen daga, mutane suka maƙale a otal-otal da gidaje. A ranar 26 ga Yulin shekarar sojoji suka kifar da gwamnati a Yamai, aka rufe iyakoki. Duk wanda yake da izinin zuwa waɗannan birane a makon da ya biyo baya, izininsa an ba shi ne don wata duniyar da ta riga ta wuce.

Manhaja mai kyau tana raba mutane gida biyu a irin wannan rana. Waɗanda ba su tashi ba, tafiyarsu ta koma jiran sahalewa nan take, a sanar da su da masu sa musu hannu. Waɗanda suka riga suka isa kuwa, maganar izini ta ƙare a kansu, soke shi ihu ne bayan hari. Abin da ya rage shi ne a neme su a waya, a ji suna ina, a yanke ko su zauna inda suke ko a fitar da su. Na sha ganin ana haɗa waɗannan biyu a jeri ɗaya, sai jami'in tsaro ya ɓata sa'a guda yana tace wa ke gida wa ke can.

Haka in matafiyin ne ya sauya tsari: ya ƙara gari, ya canza otal, ya ɗage kwanaki. Sai dai a nan ma akwai tarko. In kowane ɗan motsi yana sake buɗe izini, har jinkirin jirgi na minti arba'in, masu sa hannu za su wayi gari da buƙatu hamsin a akwatinsu, su koma dannawa ido rufe. Daga ranar da oga ya fara sahalewa ba tare da karantawa ba, tsarin ya mutu ko da allon yana nan da launukansa. Don haka sai an zauna an ware sauyin da ya taɓa haɗari, kamar sabon gari ko sabuwar hanya ko otal da ba a tantance ba, daga wanda bai taɓa ba.

Me ya sa kamfanoni ke kashe kuɗi a kan duk wannan? Tausayi yana ciki, amma kotu ma tana ciki. A watan Yunin 2012 'yan bindiga suka far wa ayarin motocin ƙungiyar agaji ta Norwegian Refugee Council a sansanin 'yan gudun hijira na Dadaab a Kenya, suka kashe direba, suka tafi da ma'aikata huɗu cikin Somaliya, sai bayan kwana huɗu aka ceto su. Ɗaya daga cikinsu, ɗan Kanada, ya kai ƙara. A Nuwamban 2015 wata kotu a Oslo, babban birnin Norway, ta samu ƙungiyar da laifin mummunan sakaci, ta ce a biya shi diyyar kusan kurona miliyan 4.4 na kuɗin ƙasar. Cikin abubuwan da aka tattauna a shari'ar har da shawarar da aka yanke ta fita ba tare da rakiyar masu makamai ba. A irin wannan zama lauyoyi suna tambaya ne ɗaya bayan ɗaya: wa ya yanke, yaushe, me ya sani a lokacin, wa ya ba shi shawara ya ƙi ji.

Wannan ne amfanin kundin tarihin da manhaja ke ajiyewa. Kowane sauyin matsayi ya zo da suna da lokaci da dalili, kuma kada a bar kowa ya goge. Har ƙa'idar kanta tana buƙatar lamba da kwanan wata, domin in an gyara ta a watan Yuli, tafiyar da aka sahale a watan Mayu da tsohuwar za a auna ta. Ma'aunin ISO 31030 da aka fitar a 2021, wanda shi ne jagorar ƙasa da ƙasa kan haɗarin tafiyar ma'aikata, shawara ce ba doka ba, amma ya zama abin da masu inshora da masu bincike ke ɗagawa su ce ga yadda ake yi, ku nuna naku. Kundin nan kuma yana ɗauke da sirrin mutane, daga lambar fasfo har ciwon da ma'aikaci ke fama da shi, kuma dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2018 da ta Najeriya ta 2023 duk sun shafe shi. Manaja yana buƙatar ya ga cewa likita ya sahale. Ba ya buƙatar sanin me likitan ya gani.

Waɗanda allon ba ya gani

Duk abin da aka faɗa a sama yana aiki ne ga tafiyar da ta shiga manhaja. Kamfanin da ya cika tsauri, ya jera masu sa hannu biyar a kan kowace fita, zai ga ma'aikata sun koma sayen tikiti da katinsu a intanet, su kawo rasit daga baya. An gudu gara an faɗa gidan zago: an so a tsare kowa, an ƙare ba a san inda kowa yake ba. Wasu kamfanonin sun toshe wannan da cewa ba za a mayar wa mutum kuɗinsa ba sai da lambar izini, wasu kuma sun buɗe adireshin imel da ma'aikaci zai tura tikitin da ya saya da kansa, manhaja ta karanta ta shigar.

Akwai rukunin da ko wannan bai kama su ba, kuma su ne suka fi damuna. Tafiyar mota ba ta da lamba mai haruffa shida. Baƙon da ya zo daga hedikwata yana da fayil cikakke, da horo da inshora da lambar kiran gaggawa. Direban da ya je ɗauko shi, da akawun da aka tura reshen wata jiha a motar haya da sassafe, ba su bayyana a ko'ina ba sai in wani ya zauna ya shigar da tafiyarsu da hannu. A Dadaab ma direban ne ya rasa ransa. Kamfanin da ke aiki a wuraren da hanya ta fi jirgi haɗari, in bai sa fom na tafiyar mota a cikin tsarin izininsa ba, to yana lura ne da tsiraru ya bar mafi yawa.

Matsayi na ƙarshe shi ne wanda ba wanda ya damu da shi, wato rufe tafiya. Mutum ya fasa zuwa, ya gaya wa oga a baki, ba a soke a manhaja ba. Wani ya dawo kwana biyu kafin lokaci. Wani ya ƙara kwana uku da kuɗinsa don ya ziyarci 'yan uwa, manhaja ta ɗauka ya riga ya koma gida. Ranar da wani abu ya faru a wancan birni, jami'in tsaro ya buɗe taswira ya ga ɗigo goma sha biyu. Ya fara kira. Na farko ya ɗauka daga falonsa yana kallon ƙwallo, na biyu yana ofis a bene na ƙasa. Wanda ya ƙara kwanakin kuwa sunansa ba ya cikin jerin, sai da matarsa ta kira ofis da yamma tana tambaya ko an ji daga gare shi.